Yaron da aka ba harafin A ya ƙi girma: wasan ne ko ni ne?

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina buga sashen riƙe kulob a FIFA, inda in ka samu yaro mai kyakkyawar makoma ka sa shi a horo, shekara uku ya zama tauraro. Bara na koma MLB The Show, wasan bidiyo na besbol, ina buga Franchise, wato sashensa na riƙe kulob. Na zaɓi wani yaro mai bugu ɗan shekara 19 da harafin A, makinsa 61. Na ɗauko shi babbar ƙungiya don ya koya a wurin manya, amma kaka biyu ke nan maki uku kacal ya ƙara, yanzu ma harafinsa ya koma B. Akwai kuma wani mai jifa ɗan shekara 24 da ya tsaya cak a Triple-A, matakin da ke ƙasa da babbar ƙungiya. Wasan ne ke da matsala ko ni ne ban iya ba? Ko in koma ɗaya wasan besbol ɗin, OOTP, da ake ta yabo?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: me harafin nan yake nufi, me ke sa yaro ya girma ko ya tsaya, sannan ko canja wasa zai raba ka da matsalar. Bari in fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Wasan lafiyarsa ƙalau. Yaron nan mai bugu, kai ka tauye shi da ka zaunar da shi a benci. Mai jifar kuwa, wataƙila ba laifin kowa ba ne. Ni ma haka na ɓata yara da dama lokacin da na fito daga wasannin ƙwallon ƙafa, ina ganin ai duk kanwar ja ce.

Inda tsarin ya samo asali

A ƙwallon ƙafa ba abin mamaki ba ne ɗan shekara 17 ya buga wa babban kulob a Turai. A besbol na Amurka da wuya ka ga haka. Kowace daga cikin ƙungiyoyi 30 na MLB, wato babbar gasar besbol, tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, hawa-hawa, kuma su Amurkawan da kansu gona suke ce wa tsarin. Branch Rickey ne ya kafa shi sosai a St. Louis Cardinals cikin shekarun 1920. Kulob ɗin ba shi da kuɗin yin gogayya da masu hannu da shuni wajen sayen ƙwararru, sai ya ga gara ya tara yara da yawa da araha ya rene su, ko da kaɗan ne za su yi kyau. Tun gyaran da aka yi a 2021, ƙananan ƙungiyoyin 120 ne, huɗu ga kowane kulob, daga ƙasa zuwa sama: Single-A, High-A, Double-A da Triple-A. Ƙasa da su akwai gasannin sababbin shiga a Arizona da Florida da Jamhuriyar Dominika, inda ake ɗaukar yara tun suna da shekara 16.

Kowane watan Yuli ana zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye 20, wajen mutum 600. Mafi yawansu ba za su taɓa taka filin MLB ba. Kuma ba na ƙasa kaɗai ke faɗuwa ba. Brien Taylor, wanda Yankees suka ɗauka na ɗaya a 1991, ya ji rauni a kafaɗa wajen wani faɗa a 1993, bai taɓa buga babbar gasa ba. Mark Appel na ɗaya ne a 2013, amma sai 2022 ya fara jifa a MLB, shi ma ba a kulob ɗin da ya zaɓe shi ba. Ga kuma Mike Piazza, wanda Dodgers suka ɗauka a zagaye na 62 a 1988, lokacin da zaɓen ke da tsawo, bayan an riga an kira mutum sama da 1,300. Ya zama ɗaya daga cikin masu cafe mafi iya bugu a tarihi. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Masu ƙera wasannin bidiyo sun san wannan tarihi, kuma da gangan suke cusa shi a ciki. In kowane yaro mai harafin A zai zama tauraro, zuwa kaka ta biyar kowace ƙungiya ta cika da zarata, wasan ya daina ma'ana.

Abin da harafin ke faɗa, da abin da ba ya faɗa

A The Show, harafin nan lamba ce aka rufe da mayafi. A na nufin 90 zuwa sama, B na nufin 80 zuwa 89, C kuma 70 zuwa 79. Lambar ita ce iyakar da ake hasashen yaron zai iya kaiwa in komai ya tafi daidai. Ba alkawari ba ce, kuma ba a kafe take ba: tana hawa tana sauka gwargwadon yadda kakarsa ta kasance. Don haka kada komawar yaronka B ta tayar maka da hankali fiye da kima. In a kan 90 yake ya sauko 88, maki biyu ya rasa, amma idonka ya ga kamar ya faɗo daga bene. Ɗan wasa mai 88 kuwa kowace ƙungiya za ta so shi.

Abu na biyu da mutane ke mantawa: makin da kake gani a gaban sunansa, wato 61 ɗin da ya zama 64, haɗakar ƙananan makuna ne da yawa, kuma ana auna su daidai da gurbin da yake tsarewa a fili. Yaro zai iya ƙara ƙarfin bugu sosai, amma in gurbinsa na masu tsaro ne, babban makin ya motsa kaɗan. Ka buɗe katinsa ka duba kowane fanni daban: bugunsa a gaban mai jifa da hannun dama, bugunsa a gaban bahago, ganinsa, haƙurinsa wajen ƙyale ƙwallon da ta kauce. Sau da yawa a nan za ka ga girman da babban makin ya ɓoye.

OOTP, wato Out of the Park Baseball, wanda Markus Heinsohn ya fara fitarwa a 1999, ya fi fito da wannan rashin tabbas fili. A can kowane fanni yana da lamba biyu, ta yanzu da ta gaba, kuma za ka iya sa a nuna maka su a ma'aunin 20 zuwa 80 da masu farautar 'yan wasa na gaskiya ke amfani da shi, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan MLB. Sai dai lambobin ba ainihin gaskiya ba ne, ra'ayin mai farautarka ne. Wasan yana ba ka ra'ayi na biyu daga wata cibiyar farauta ta bai-ɗaya, kuma sau tari ba sa jituwa. Akwai ma wani saiti da ake kira TCR a taƙaice, wanda ke zuwa a kan 100, aikinsa shi ne ya ƙayyade yawan yadda baiwar 'yan wasa ke sauyawa haka siddan, sama ko ƙasa. Wato ƙuri'a ce a fili, har da maɓallin ƙara mata ƙarfi.

Na taɓa gwada wani abu a OOTP don in huta da gardamar da nake yi da kaina. Na kwafi ajiyar wasa ɗaya sau da dama, na bar kwamfuta ta buga kaka biyar a kowace, ban taɓa komai ba, ina bin wani yaro guda mai tsaron tsakiyar fili. A wata ya zama gwarzon ƙungiya. A wata ya zama ɗan benci mai amfani. A wata kuwa rauni ya cinye gudunsa tun bai bar Double-A ba. Yaro ɗaya, kociyoyi ɗaya, kasafi ɗaya. Tun daga ranar na daina tambayar yadda zan mai da wane tauraro, na koma tambayar yadda zan sa ƙuri'ar ta fi karkata gare ni, da kuma yara nawa nake da su a layi.

Abin da ke hannunka

Na farko, kuma shi ne ya fi shafar yaronka, shi ne buga wasa kullum a matakin da ya dace da shi. Tunanin cewa yaro zai koya don yana zaune kusa da manya tunani ne mai kyau a rayuwa, amma The Show ba ya lissafa zaman benci a matsayin karatu. Abin da yake kallo shi ne shekarun yaron, iyakarsa, horon da aka ɗora shi a kai, kociyoyinsa, da abin da ya yi a fili. Kakar MLB wasa 162 ce. Mai bugu da ke farawa kullum yana tsayawa gaban mai jifa sau ɗaruruwa, naka kuwa sai an kusa tashi ake turo shi, ya haɗu da ƙwararrun masu rufe wasa, ya kasa, ya koma ya zauna. Ka haɗa masa ƙarancin wasa da mummunan sakamako lokaci guda. Da a Double-A yake, yana bugun tsaransa, da alƙalumansa ne ke tura makinsa sama.

Wannan ma daga gaskiya aka kwafo shi. A 1973 Texas Rangers sun ɗauki David Clyde na ɗaya, suka jefa shi babbar gasa kai tsaye daga sakandare yana da shekara 18, domin 'yan kallo su cika fili. Filin ya cika kuwa. Shi kuma bai kai shekara 25 ba ya gama jifa a MLB.

Amma kada ka ɗauki wannan ka zarce ɗaya gefen. Yaron da ya fi ƙarfin matakinsa, yana casa kowa wata da watanni, shi ma ɓata masa lokaci kake yi, shekarun da ya fi saurin girma suna wucewa. Abin da nake yi shi ne in jira ya yi kamar wata biyu yana cikin gwanayen matakin, sannan in ɗaga shi hawa ɗaya, ba biyu ba. In ya sha wuya a makonnin farko ba na gaggawar mayar da shi. Mike Trout a 2011, yana ɗan shekara 19, wasa 40 ya buga a MLB, bugunsa bai wuce 22 cikin 100 ba. Shekara ta gaba shi ne gwarzon sababbin 'yan wasa. Aaron Judge a 2016 ya samu damar bugu 84, aka fitar da shi sau 42 bai ko saka ƙwallon a fili ba, rabi cif. A 2017 ya fitar da ƙwallo bayan shinge sau 52. Tuntuɓen wata guda ba hujja ba ne a kan kowa. Bambancin su da yaronka shi ne su an ba su fili sun yi ta bugawa.

Wani abin lura a The Show: matakan da ake buga wasa a ƙasa biyu ne, Triple-A da Double-A. Rukunin da ke ƙasa da su wurin ajiya ne, ba a buga wasa a can. Don haka guraben Double-A suna da tsada. Kada ka bar ɗan shekara 30 da ba shi da inda za shi ya tare wa yaronka gurbi, kuma ka riƙa duba jerin masu farawa da kanka, domin in ka bar wa kwamfuta, mai babban maki take fifitawa, ba mai makoma ba.

Na biyu, horo da kociyoyi. Suna da tasiri, amma ba irin wanda ka saba da shi ba. Tura mota ne a kan gangare, ba ɗaga ta sama ba. Shawarata a nan ta saɓa da ta wasu: ni na fi ɗora yaro a kan fannin da ke hana shi zama a fili, ba wanda ya riga ya gwanance a kai ba. Mai ƙarfin bugu da ba ya ganin ƙwallo, ƙarin ƙarfi ba zai tsinana masa komai ba in sanda ba ta taɓa ƙwallon. Mai jifa da ke yawan ba da hanya kyauta saboda rashin saiti, saitin nan za a bi. Kuma kafin ka zuba miliyoyi a kan tsohon ɗan wasa guda, duba albashin kocin bugu da kocin jifa da mai kula da gona. Su suna taɓa kowa a ƙungiya, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta. A OOTP akwai kasafin renon 'yan wasa na musamman, akwai halayen yaro kamar himma da kaifin basira da ke shiga lissafi, sannan daga OOTP 25 aka ƙaro ɗakin horo inda za ka tura 'yan wasa kaɗan su koyi abu guda, kamar sabon salon jifa. Shi ma yana iya cin nasara, yana iya faɗuwa.

Na uku, shekaru, wanda ba ya hannunka amma dole ka yi lissafi da shi. Bill James, masanin alƙaluman besbol, tun a shekarun 1980, ya nuna cewa masu bugu sun fi kaiwa ganiyarsu wajen shekara 27, kuma kusan duk wasannin nan a kan irin wannan tudu suke gina girma da tsufa. Tazarar da ke tsakanin makin yaro da iyakarsa tana da daraja ne gwargwadon shekarun da suka rage masa. Ɗan shekara 19 mai 61 da harafin A yana da lokaci. Ɗan shekara 25 mai 61 da harafin A, harafin ado ne kawai. Akan samu masu buɗewa a makare, kamar José Bautista da bai taɓa fitar da ƙwallo bayan shinge fiye da sau 16 a kaka ba, sai ga shi a 2010, yana da shekara 29, ya fitar da 54 bayan shinge. Irinsu ne ake ba da labari saboda ƙarancinsu. Ba a gina ƙungiya da fatan samun su.

Mai jifan nan naka

Masu jifa sun fi masu bugu wuyar sha'ani, a gaske da a wasa, saboda gwiwar hannu da kafaɗa ba su san harafi ba. Tun da likita Frank Jobe ya yi wa Tommy John aikin gwiwar hannu a 1974, aikin ya zama ruwan dare a tsakaninsu, kuma yakan ci shekara guda ko fiye. Shi ya sa nake tara masu jifa fiye da buƙatata.

Game da naka, duba abu biyu. Salon jifa nawa yake da su masu kyau, kuma yaya juriyarsa? Mai fara wasa yana haɗuwa da kowane mai bugu sau biyu ko uku a rana ɗaya, don haka yana buƙatar aƙalla salo uku. A OOTP wannan kusan doka ce. In naka biyu gare shi, mai gudu da mai lanƙwasa, kuma juriyarsa ba ta da yawa, to ba tsayawa ya yi ba, aikin da ba nasa ba ka ba shi. Mai da shi cikin masu karɓar jifa a ƙarshen wasa, ya yi zango ɗaya da iya ƙarfinsa. Mariano Rivera da mai fara wasa ya soma a Yankees a 1995, bai yi wani abin kirki ba, aka mai da shi baya, ya zama mai rufe wasa mafi shahara da aka taɓa yi.

In kuma yana da salo ukun da juriyar, kuma alƙalumansa a Triple-A suna da kyau, to babu sauran abin da zai koya a can. Ɗauko shi ka ba shi gurbi na biyar a jerin masu farawa. In alƙaluman ba su da kyau, kuma kaka biyu makinsa bai motsa ba, sayar da shi yanzu. Kwamfuta tana ba harafin makoma nauyi a ciniki, kuma harafin da ya kai shekara 24 kullum darajarsa raguwa take.

Dokokin da ke matsa maka lamba

Ko da kana son yin haƙuri, dokoki ba za su bar ka ka yi ta jira ba, kuma The Show da OOTP duk sun saka su. Akwai jerin mutum 26 masu buga wasa da jerin mutum 40 da kulob ya kare. Wanda aka ɗauka yana da shekara 18 ko ƙasa, in kaka biyar ta wuce ba a sa shi cikin 40 ba, wata ƙungiya na iya ɗauke shi a zaɓen Rule 5 na watan Disamba. Wanda aka ɗauka yana da 19 ko sama, kaka huɗu ce. Da zarar ya shiga 40 kuma, shekara uku kawai ake da damar saukar da shi ƙasa ba tare da an fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi ba.

Ga ɓarna ta biyu da ka yi wa yaronka ba ka sani ba. Kwana 172 a babbar ƙungiya shekara guda ce ta aiki. Bayan shekara uku ɗan wasa na da haƙƙin neman ƙarin albashi ta hanyar sasanci, bayan shida ya zama mai 'yancin tafiya inda ya so. Agogon nan ba ruwansa da ko yana buga wasa ko yana benci. Ka ƙona biyu daga cikin shekarunsa shida masu araha yana kallo. Ƙungiyoyin gaske har wasa suke yi da wannan lissafi: a 2015 Chicago Cubs sun jinkirta ɗauko Kris Bryant zuwa 17 ga Afrilu, ya gama kakar da kwana 171, saura kwana ɗaya ta cika shekara.

Ko ka koma OOTP?

Ya danganta da abin da ke ba ka nishaɗi. In riƙe sanda da jifa da hannunka kake so, zauna a The Show, musamman tun da aka gyara farauta da zaɓen sababbi a fitowar 2023. In kuwa ofis ne ke burge ka, irin na masu son Football Manager, OOTP ya fi zurfi nesa ba kusa ba, amma ka sani ya fi The Show karya zuciya, don a can ko lambar da kake kallo ba tabbas gare ta ba. In kana son wanda girma ke hannunka kai tsaye, Super Mega Baseball 3 na 2020 ya zo da tsarin da kuɗin da ka rage daga albashi ke zama kuɗin sayen damar horo ga 'yan wasa. Sauƙi gare shi, ba ya kuma da'awar kwaikwayon gaskiya. Konami ma a Japan tana da wani sashe a Powerful Pro inda kake kocin makarantar sakandare, kowane yaro shekara uku gare shi ya tafi. Wannan ne ya koya min daina ƙulla rai a kan mutum ɗaya.

Ka riƙe maganata da iyakarta. Kamfanonin nan ba sa wallafa lissafin da ke ƙarƙashin girman 'yan wasa, kuma suna taɓa shi kusan kowace fitowa. Abin da na faɗa daga kakanni masu yawa da na buga ne da gwaje-gwajen da na yi, kuma ajiyar mutum ɗaya, komai tsawonta, ƙaramin samfuri ce. Katin yaranka ma kai ke ganinsa, ni shekaru da harafi kawai ka ba ni.

Da ni ne kai, gobe zan saukar da mai bugun zuwa Double-A, ba Triple-A ba, in sa shi na uku a jerin masu bugu, in tabbatar yana farawa kowane wasa har a gaban bahagwai. Shekararsa 21 yanzu, da sauran lokaci. Zan ɗora horonsa a kan gani da taɓa ƙwallo, in rufe katinsa kada in sake buɗewa sai ƙarshen watan Yuni. Agogon shekarun aikinsa zai tsaya muddin yana ƙasa, sai dai shekara ɗaya daga cikin ukun saukarwa za ta tafi, kuma ta cancanci a kashe ta a nan. A zaɓen Yuli kuma, in ka ga wani mai tsaron gurbinsa da ya fi kowa a allo, ɗauke shi, kada ka ce ai kana da wani.